Kaburbura Biyu a Maijirgi

Wanda ya taso daga Tasawa ya nufi Damagaram a kan babbar hanyar kwalta, ba zai yi nisa ba zai iske Maijirgi. Gari ne irin garuruwanmu: rumbuna a bayan gidaje, gawo a gonaki, 'yan talla na rugowa bakin mota. Direba ba ya tsayawa sai in akwai mai sauka. A garin akwai kaburburan Nasara biyu, Kyaftin Paul Voulet da Kyaftin Julien Chanoine, hafsoshin Faransa waɗanda sojojinsu suka harbe a tsakiyar watan Yuli na 1899. A 1923 wani matashin jami'in mulkin mallaka da ke aiki a Tasawa, Robert Delavignette, ya sa aka tone su. Abin da aka ruwaito shi ne ba a iske kowa a ciki ba.

Da wani mai rubuta fim ɗin ban tsoro ne ya ƙago wannan, da an yaba masa. Ga kabari ba gawa, ga ƙasa mai nisa, ga mugaye biyu da ba a tabbatar sun mutu ba. Faransawa kuwa sun fi shekara ɗari suna sana'ar tsorata junansu a gidajen silima, amma wannan labarin, wanda 'ya'yansu suka rubuta da jini a ƙasarmu, sun daɗe suna zagaye shi kamar mai zagaye gidan da ake binsa bashi.

Abin ya fara yi mini yawo a kai ne wani dare a wani gidan kallo a Tasawa. An gama ƙwallo, janareta bai mutu ba, mai gidan ya juya tasha ya faɗa kan wani fim na Faransa. Wata budurwa ce a wani gida shi kaɗai a cikin gonaki, dare ya tsala, ana ƙwanƙwasa ƙofa. Kiɗa yana ta ƙara nauyi. Samarin da ke kan benci ba su ji tsoron komai ba, gardama suka shiga: me ya kai mutum gina gida inda ba maƙwabci? Wani ya ce ai ko kare babu a gidan. Na fahimci a daren cewa kowace al'umma da irin duhun da take tsoro. Na Faransawa, yawanci, shi ne wurin da fitilun birni ba su kai ba.

Sun soma da wuri. 'Yan'uwan nan biyu, su Lumière, sun yi nunin majigi na farko da aka biya kuɗin shiga a Paris ran 28 ga Disamba 1895. A 1896 Georges Méliès, wanda asalinsa mai rufa-ido ne a dandamali, ya yi wani ɗan fim na minti uku, Le Manoir du diable, inda jemage ke rikiɗa ya zama Shaiɗan a cikin wani tsohon gida. Masana da yawa shi suke ɗauka fim ɗin ban tsoro na farko a duniya. A 1897 aka buɗe Grand-Guignol a wani lungu na unguwar Pigalle, ɗan ƙaramin gidan wasan kwaikwayo wanda sana'arsa kenan: a ƙwaƙule ido, a yanka maƙogwaro, a watsa jinin ƙarya a gaban masu kallo. Har likita aka ajiye saboda masu suma. Mutane suka riƙa sa tufafin fita, su biya kuɗi, su firgita, su wuce cin abincin dare.

A duba shekarun da kyau. A 1896 ɗin da Méliès ke wasa da jemagensa, Voulet ya shiga Wagadugu ya banka mata wuta. Da wannan ya yi suna a Paris, har aka ba shi babban aiki: ya taso daga kogin Kwara ya kai tutar Faransa tafkin Cadi, inda zai haɗu da wasu runduna biyu, ɗaya daga Aljeriya, ɗaya daga Kwango, su gama da Rabe mai mulkin Borno. Mataimakinsa Chanoine ɗan janar ne, kuma uban ya riƙe muƙamin ministan yaƙi a 1898. Wato yara ne masu uwa a gindin murhu.

Ƙasar da za su ratsa ba su san ta ba. A watan Yuni na 1898 Faransa da Ingila sun zauna sun raba ta a kan takarda, suka ja baka mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato suka ce na ciki na Ingila ne. Abin da aka bar wa Faransa shi ne gefen da rijiyoyi ke da nisa da juna. Ga shi a watan Mayu na shekarar an kashe wani Kyaftin Cazemajou a Damagaram. Turawan ayarin ba su kai goma ba. Sauran sojojin haya ne na Afirka ta Yamma, da 'yan sa-kai da aka yi wa alkawarin ganima, da ɗaruruwan 'yan dako da aka kamo da ƙarfi, da matan da ake ƙwacewa gari-gari har suka zama runduna ta kansu, ga shanu ga raƙuma. Duk wanda ya taɓa jan guga a rijiyar ƙasar Mayahi, inda sai an ɗaura wa sa igiya ya yi tafiya mai nisa kafin ruwa ya fito, ya san abin da zai faru in irin wannan taron ya sauka a bakin rijiyar ƙauye cikin bazara.

Tun a bakin kogi suka nuna hali. A Janairun 1899 suka afka wa Sansane Hausa, aka kashe mutum 101, har da mata da yara. Wani Laftana Peteau da suka yi saɓani da shi suka kora, ya zauna ya rubuta wa budurwarsa wasiƙa yana zayyana abin da ya gani. Wasiƙar ta bi hannu-hannu har ta kai ma'aikatar mulkin mallaka. Sai gwamnati ta umarci Laftanan Kanar Klobb ya bi sawunsu ya karɓe ragamar ayarin.

Kafin ya cim musu sun yi nisa. Ran 16 ga Afrilu suka isa Lugu a ƙasar Arewa, garin Sarauniya Mangu. Aznan Lugu da na Tugana suka tare su da kwari da baka, suka kashe musu mutum 4, sannan suka janye cikin kurmin da doki ba ya shiga. A nan tsoro ya juya: sojojin da ke riƙe da bindiga mai cin harsashi da yawa su ne suka riƙa jin labarin asirin matar nan suna kasa barci. A farkon Mayu suka faɗa wa Birnin Ƙonni. Wasu sun ce ɗaruruwa aka kashe, wasu sun ce dubbai. Daga nan suka bi ta Gobir suka doso gabas, damina na kankama, a daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, gero ya tsiro, kowa yana gona da hauya.

Kakata ta wajen uwa 'yar ƙasar Mayahi ce, daga wani ƙauye a gefen Gulbin Kaba, kuma ita ta koya mini tsoro. Da dare in an shimfiɗa tabarma, ita ke ba mu labarin Dodo. In na maƙale a jikinta sai ta yi dariya ta ce, «Haba mai gidana, kai da za ka tsare ni?» Abin da na lura da shi bayan na girma shi ne duk abubuwan tsoron da ta sani suna da ƙa'ida. Dodo yana da ƙarfi amma Gizo ya san ta inda ake yaudararsa. Maye in ya kama kurwar yaro, akwai yadda ake sa shi ya tsallaka shi ya sake ta. Iskoki kowanne da sunansa, da kiɗansa, da launin dabbar da yake so. Doguwa tana da itacenta, kuma an san ba a zuwa gindinsa da tsakar rana. Ko mahara da yaƙin sarakuna, da Tasawa ta sha tsakanin Katsinawan Maraɗi da Damagaram, an san kansu: a kai gaisuwa, ko a shiga birni a rufe ƙofa, ko a fanshi wanda aka kama.

Ayarin Voulet ba shi da ƙa'idar da mutum zai riƙe. Garin da ya gudu an ƙone shi, wanda ya tsaya an ƙone shi, wanda ya kawo hatsi da shanu bai tsira ba. Jagoran da ya nuna hanya ana iya rataye shi don an ga rijiyar ta yi nisa. Mutanen da ba su taɓa ganin Nasara ba, in ban da tsofaffin da wataƙila suka tuna da Bature matafiyi Barth, wanda ya sauka Tasawa a Janairun 1851 da littafinsa da alƙalaminsa, suka wayi gari ana kashe su ba tare da an gaya musu laifinsu ba, ba kuma wanda ya san abin da zai ba da a ƙyale shi. A ganina wannan shi ne ainihin tsoron abin da ba a sani ba, kuma ya fi ƙarfin jemagen Méliès nesa ba kusa ba.

Klobb bai buƙaci jagora ba, toka ya riƙa bi. Ya yi tafiyar da ta haura kilomita 2,000 da 'yan sojoji kaɗan, yana rubuta abin da ya gani kullum a ɗan littafinsa: garuruwa ƙonannu, rijiyoyi da gawarwaki, mata a rataye. Ana saura kwana uku ya mutu, ya rubuta cewa ya shiga wani ɗan ƙauye da aka ƙone, ya ga 'yan mata ƙanana biyu suna reto a reshe guda. Koran Kalgo na cikin garuruwan wannan yanki da har yau jikokin waɗanda suka tsira suke ba da labarin ranar. Voulet ya aika masa takarda cewa yana da bindiga 600, in ya matso zai ɗauke shi abokin gaba. Klobb bai yarda Bafaranshe zai harbi na gaba da shi ba. Ran 14 ga Yuli, ranar bikin ƙasar Faransa, suka yi ido huɗu a Dankori. Klobb ya sa kakinsa da lambar girmansa a ƙirji, ya hana mutanensa harbi. Aka buɗe masa wuta ya faɗi. Mataimakinsa Laftana Meynier ya samu rauni a ƙafa.

Da yamma Voulet ya tara sauran Turawan ya shaida musu cewa shi ya bar zama Bafaranshe, ya zama sarkin baƙar fata, zai kafa daularsa. Sojojin haya suka ji, suka lissafa: ke nan ba komawa gida, ba ganin iyali. Suka yi tawaye. Ran 16 ga wata aka harbe Chanoine. Voulet ya tsere cikin dare, washegari da safe ya dawo sansani, mai gadi ya bindige shi. Sarautarsa kwana uku ta yi.

A nan ne masu ba da labarin a Faransa suke son a rufe littafi, mugaye sun mutu. Amma ayarin bai watse ba. Laftana Pallier ya ja shi ya ci Damagaram a ƙarshen Yuli, aka kashe Sarki Amadu Kuran Daga a watan Satumba, wani hafsan ayarin mai suna Joalland da Meynier suka ƙarasa Cadi, aka kashe Rabe a Kusuri ran 22 ga Afrilu 1900. Duk abin da aka aiko Voulet ya yi an yi shi, kuma Faransa ta riƙe ƙasar shekara 60. A majalisar dokoki wani wakili, Paul Vigné d'Octon, ya nemi a kafa kwamitin bincike, aka ƙi. Bayanin da aka tsaya a kai shi ne wai hafsoshin nan sun kamu da wata cuta da suka raɗa wa suna «sudanit», haukan da zafin ranar ƙasar Sudan ke jawo wa Bature.

Wannan kalmar ta daɗe tana ba ni mamaki, don dabarar fim ɗin ban tsoro ce tsantsa. Mutumin kirki ya bar gida, ya shiga baƙon wuri, wurin ya shige shi, ya zama dodo. Laifin ya koma kan daji da rana da mu da ke zaune a ciki. A watannin da ayarin ke kan hanya ne ma wata mujallar Birtaniya take buga labarin Joseph Conrad, Heart of Darkness, kashi-kashi, kuma tun daga lokacin Turawa suke kallon Voulet ta wannan madubin. An manta cewa da lafiyarsa ƙalau ya ƙone Wagadugu aka ƙara masa girma, kuma ba kisan mutanen Ƙonni ne ya girgiza Paris ba, kisan kanar guda ne.

Mutanenmu sun bi wata hanya da abin da ya same su. Wajen 1925, a ƙasar Kurfai ta Filinge, wasu sabbin iskoki suka fara hawa mutane, ta kan wata mata da ake kira Shibo. Iskokin nan Turawa ne. Wanda suka hau sai ya ƙame kamar soja, ya yi fareti, ya sara, ya riƙa ba da umarni da gurɓataccen Faransanci, ya kama wuta da hannu. Zabarmawa suka kira su Hauka, a bori na Hausa ana ce musu Babule. Kumandan Yamai na lokacin, Crocicchia, ya sa aka kamo su aka kulle, sai shi ma ya zama iska a cikinsu, Kumandan Mugu. Ni dai ba ɗan bori ba ne, kuma na san abin da malamai ke cewa a kai. Amma a matsayin tarihi, abin da ya faru a fili yake: an ɗauki abin da ba shi da ƙa'ida an yi masa ƙa'ida. An ba Nasara suna, da kiɗa, da abin yanka, da lokacin zuwa da na tafiya.

Jean Rouch, wanda ya fara zuwa Nijar a 1941 a matsayin injiniyan hanyoyi, ya bi 'yan cirani har Ankara ta Gwalkwas ya ɗauki bikinsu na Hauka na shekara. Fim ɗin, Les Maîtres fous, wajen rabin awa ne: idanu sun juye, kumfa na zuba a baki, wannan gwamna ne, wancan janar, an yanka kare an ci. Da ya nuna shi a gidan tarihi na Musée de l'Homme a Paris, malaminsa Marcel Griaule ya ce a lalata shi, ɗaliban Afirka da ke wurin suka fusata don sun ga za a ce ga shaidar dabbanci, Ingila kuma ta hana nuna shi a ƙasashen da take mulka don ta gane gwamnanta ake kwaikwayo. A 1957 ya ci kyauta a Venis. Ba a lissafa shi cikin finafinan ban tsoro, amma ban san wani fim na Faransa da ya tsorata ɓangarori uku a lokaci ɗaya ba, kowa da dalilinsa. Rouch ya rasu a hatsarin mota a Fabrairun 2004, kusa da Ƙonni.

Akwai ɗaya a cikin masu finafinan ban tsoro na Faransa da nake ganin ya hango gaskiya. A 1960, shekarar da Nijar ta samu mulkin kai, Georges Franju ya fito da Les Yeux sans visage. Dodon fim ɗin babban likita ne, farfesa mai kwat da ladabi, wanda ake tafa wa in ya yi lacca. Shi ya yi hatsarin da ya lalata fuskar 'yarsa, sai ya riƙa sa ana sato 'yan mata yana feɗe fuskokinsu yana liƙa mata. Da aka nuna shi a Edinbara mutum 7 suka suma. Abin da ke tsinka zuciya a ciki shi ne natsuwar hannun likitan da tsabtar kayan aikinsa. Franju ya san cewa mai ilimi da lambar girma na iya yin abin da mahaukaci ba zai yi ba, muddin ya yarda cewa jikin wasu kayan aiki ne. Shekara biyu bayan nan Grand-Guignol ya rufe, mutanen da suka ga yaƙin duniya na biyu sun daina jin jinin ƙarya.

Na baya-bayan nan sun fi jini yawa: Haute Tension a 2003, Martyrs a 2008, Grave a 2016. A Frontière(s) na 2007, wasu samarin unguwannin bayan Paris sun gudu daga tarzoma sun faɗa hannun wani iyali a ƙauye, uban gidan tsohon ɗan Nazi. Da suka buƙaci mahauci mai kakin soja, sai suka aro na maƙwabta.

Wanda ya fara kai ayarin Voulet gaban kyamara ɗan Muritaniya ne, Med Hondo, da fim ɗin Sarraounia na 1986, daga littafin Abdoulaye Mamani na 1980. A Nijar aka shirya ɗaukarsa, abin bai yiwu ba, Burkina ta Sankara ta karɓe shi, Aï Keïta ta fito a Sarauniya. Ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987, amma a Paris gidajen silima kaɗan ne suka nuna shi, ba a daɗe ba aka sauke. Sai a tsakiyar shekarun 2000 Serge Moati, wanda ya yi aiki a talabijin ɗin makarantu na Nijar yana saurayi, ya yi wa talabijin ɗin Faransa Capitaines des ténèbres, kuma ko a sunan ana jin inuwar Conrad. A 2020 wani Baturen Ingila, Rob Lemkin, da Femi Nylander suka bi hanyar ayarin da mota suka yi African Apocalypse, inda a ƙarshe aka miƙa wa mutanen garuruwan magana, suka faɗi da bakinsu abin da kakanninsu suka gaya musu.

Su kuwa kaburburan, bayan tonon 1923 sai jita-jita ta tashi a tsakanin Turawan mulki. Wai Voulet bai mutu ba, an yi yarjejeniya ne aka bar shi ya ɓace. Wai ya haura arewa ya musulunta, shi ne wani farin sarki da aka ce an gani a duwatsun Tibesti yana taimaka wa masu tawaye lokacin yaƙin duniya na farko. Ba wanda ya kawo hujja, amma sun daɗe suna ba juna labarin a barandar gidan kumandan in dare ya yi, a ƙasar da suke mulka da bindiga, suna kasa kunne ga duhun da ke bayan katanga.